Yadda aka kulle min shago a intanet, na koma bin rumfa-rumfa a Dawanau

Assalamu alaikum. Tun bara wani ƙanina a harkar nan ta haɗa manhaja yake damuna wai in rubuta abin da ya faru da ni, kullum sai ince masa sai na samu lokaci, to shekaranjiya da daddare ya turo min hoton wani saƙo da aka aiko masa na rufe masa akawun a kasuwar manhajoji, ina buɗewa naga kusan irin wanda aka aiko min ne a 2022, har gabana sai da ya faɗi kamar ni aka sake turo wa. Shine nace bari kawai in zauna in rubuta. Zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Ni ɗan Kano ne, mahaifina ɗan kasuwar Dawanau ne, hatsi yake sayarwa, masara da gero da dawa da wake, in kaka ta yi kyau ya ɗan taɓa riɗi. Wanda bai san Dawanau ba tana kan hanyar Katsina ne in ka fita daga gari, kuma kasuwa ce da za ka ga manyan motoci daga Nijar da Chadi da Kamaru suna lodi, mutum ya kwashi kayan miliyoyi da baki kawai yace sai na dawo. Tun ina firamare ni nake riƙe wa Baba littafin bashi ranar Asabar da Lahadi. Dogon littafi ne mai baƙin bango an ɗaure shi da roba, rubutun rabi boko rabi ajami, kuma sunayen ciki ba irin na katin zaɓe bane, sai kaga an rubuta mai jar hula, ko yaron Alhaji na Maraɗi, ko dogo na layin 'yan wake. Na sha ganin rigima a kan littafin nan, wani yace buhu bakwai ya ɗauka littafi yace tara, a duba a ga gumi ko ruwa ya taɓa wurin lambar ta dagule, ƙarshe sai an kira dattawan layi a raba gardama.

Kodin kuma, wato rubuta manhaja, a waya na fara koya, bidiyon YouTube da datar dare, in kwana ido biyu saboda ita ce mai arha. Daga baya na samu wata tsohuwar laftof ta hannu wadda batirinta ya riga mu gidan gaskiya, ana ɗauke wuta take mutuwa ko sallama babu, shi yasa har yau hannuna baya minti biyu bai danna sebin ba. Lokacin yajin aikin ASUU na ƙarshen 2018 zuwa Fabrairun 2019 ina zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi, shine na zauna na haɗa 'yar manhajar rubuta bashi da Hausa zalla. Ka sa sunan mutum yadda ka san shi, buhu nawa, tiya nawa, nawa ya bayar nawa ya rage, ita ta yi maka lissafi. Shikenan aikinta, ba wani abin a zo a gani.

Ranar da na kai wa Baba ina ta rawar kai nace Baba ga shi ka huta da littafi. Ya karɓi wayar ya jujjuya, yace to in ta faɗa rijiya fa? Nace ai komai yana ajiye a intanet. Ya dube ni yace intanet ɗin ɗakin wa ne? Wallahi dariya na yi, har na ba abokaina labari muka yi ta yi. Shi kuwa yace ba zai taɓa ta ba sai in zai iya fitar da abin da ke ciki a takarda ya riƙe a hannunsa. Don dai in rabu da ƙorafi na ƙara wani ɗan maɓalli a can ƙasa wanda in ka danna zai tattara duk bashin ya mayar da shi fayil ɗaya, ka kai shagon masu buga takardu su fitar maka. Rabin yini na yi shi ina ƙunƙuni. Ku riƙe maganar maɓallin nan, za mu dawo kanta.

Daga nan sai na ɗora ta a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin manhajoji na waya. Ba zan kama suna ba, kuma don Allah kar a tambaye ni. Kuɗin rajista da dalar Amurka ake biya, katin wani ɗan uwanmu na ara. Aka jero min sharuɗɗa shafi a kan shafi da Turancin lauyoyi, ni kuwa danna na yarda kawai nake yi kamar mai tsinkar zogale. A cikin abin da na yarda da shi har da barin hatimin manhajar a hannunsu. Bari in ɗan yi bayani don wanda ba ɗan harka ba: duk manhajar Android sai an buga mata wani hatimi na sirri kafin waya ta karɓe ta, kuma in za a sabunta ta wayar sai ta duba ta ga hatimin sabuwar ya yi daidai da na tsohuwar, in bai yi ba ba za ta hau kai ba ko da kai ka rubuta duka biyun. Suka ce kawo mu ajiye maka kar ya ɓata. Na ga ai taimako ne, na miƙa.

Abu kamar wasa sai ga manhaja ta fara tafiya. Lokacin kullen korona a 2020 mutane suna gida kowa yana latse-latse, sai na riƙa ganin masu saukewa suna ƙaruwa, 'yan Singa, 'yan Kwari, masu kemis, har wata mai sayar da atamfa a gida ta rubuta min addu'a a wurin sharhi da sai da na karanta wa Umma. Wanda ba zan manta ba wani bawan Allah ne daga Maraɗi da ya rubuta cewa abu ya yi kyau amma ba ya lissafin dala. Na ɗauka dalar Amurka yake nufi har na fara tunanin ina zan samo farashin canji kullum, sai Baba ya ji ina maganar yace kai yaro, dalarsu ta Nijar yake nufi, sefa biyar ita ce dala ɗaya, in yace dala ashirin sefa ɗari kenan, jika kuma dubu. Na zauna na ƙara wannan, cikin wata biyu mutanen Maraɗi da Damagaram suka cika min wuri. Har yau in na tuna ina jin daɗi, don na san babu wani injiniya a Kalifoniya da zai taɓa kawo wannan a ransa.

Kuɗi kuma ta hanyar talla suke shigowa, 'yan tallace-tallacen nan da ke fitowa a ƙasan waya. Ba wasu masu yawa bane amma da dala ne. Na farko da suka shigo na sai wa Umma firji, na biyu na canza laftof. Kai ya fara kumbura, har kati na buga da sunana da wani muƙami da ni na naɗa kaina, kamfanin kuwa daga ni sai fankar ɗakina. Aka sa min rana, lissafin lefe gaba ɗaya a kan kuɗin tallan nan na ɗora shi.

Wata safiya a 2022 na dawo daga sallar asuba na ɗauki waya, sai ga imel. Layi kaɗan ne. Wai an rufe akawun ɗina na mai haɗa manhaja saboda sun gano yana da alaƙa da wani akawun da suka riga suka rufe, an sauke duk abin da na ɗora, kuma kar in yi yunƙurin buɗe wani don shi ma rufewa za a yi. Ba sunan mutum a ƙasa, ba lambar waya. Na karanta ya fi sau goma ina zaune a bakin katifa da hular sallah a kaina. Na shiga kasuwar na rubuta sunan manhajata, sai wasu na Indiya suka fito.

Sai da na kwana biyu ina tunani kafin na gano inda gizo yake saƙar. Akwai wani abokina da muka taso tare, shi ma yana ɗan taɓa harkar, ya haɗa wata manhaja ya cika ta da waƙoƙin mutane ba da izininsu ba. Wata rana laftof ɗinsa ta lalace ya zo ɗakina ya ari tawa ya shiga akawun ɗinsa ya ɗora sabuntawa, ko awa ɗaya bai yi ba, har shayi na dafa masa. Daga baya aka kama shi aka rufe shi. Ni dai iya abin da na iya haɗawa kenan, don su ba su taɓa gaya min ko wane akawun suke nufi ba. Kuma abin da yake ci min rai har yanzu, a wurinmu aron laftof ai ba wani abu bane, mu da mutum biyar ke karo-karo su sai data ɗaya, ɗalibai goma su yi aikin makaranta a kwamfuta ɗaya. Na'urar da ta yanke min hukunci an gina ta ne a kan cewa kowa da kwamfutarsa da layinsa, in an ga biyu a wuri ɗaya to mutum ɗaya ne yake wayo.

Na ɗaukaka ƙara ta wani ɗan akwati da suka tanada. Na zauna na tsara Turanci mai kyau har na kai wa wani malaminmu ya gyara min, na yi bayanin komai, na haɗa da hoton katin shaida. Amsa ta dawo kafin in gama cin tuwo, wai sun duba da kyau hukunci yana nan. Na sake turawa, amsar dai ita ce ko waƙafi bai canza ba. A na huɗu ko amsar ma ba a yi ba. A kasuwa in dillali ya cuce ka akwai shugaban layi, akwai ƙungiya, akwai sarkin kasuwa, in ta ƙi akwai alƙali, kai ko ba komai ka san ƙofar gidansu za ka iya zuwa ka samu babansa. Nan kuwa bango nake ta yi wa magana.

To ita masifa ba ta zuwa ita kaɗai. Tunda manhaja ta bar kasuwa talla ya tsaya, dala ta daina shigowa. Kuma kwamfutar da ke ajiye wa mutane kwafin bashinsu a intanet, wadda muke kira saba, haya nake yi a wurin wani kamfanin waje daban, duk wata da dala. A shekarar ne kuma bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka toshe gaba ɗaya. Nan kam dole in faɗi laifina, don da na tashi tsaye da na samu mai katin dala ya biya min. Amma lokacin na shiga wani hali, ba na son ganin imel ko kaɗan, in na ji ƙarar shigowar saƙo sai cikina ya juya, na kife waya na yi ta kwanciya. Sun turo gargaɗi ban buɗe ba. Suka dakatar, wa'adi ya cika suka goge komai. Ɗakin da Baba ya tambaye ni na wa ne, ashe haya nake ciki, kuma mai ɗaki ya watso kayan waje.

Waɗanda manhajar ke kan wayarsu ba su san me ake ciki ba don tana aiki ko ba intanet. Sai da aka sace wayar wani Alhaji mai sayar da wake, layi biyu tsakaninsa da Baba. Ya sai sabuwa ya ba yaronsa ya sauke masa manhaja, yaro ya nema sama da ƙasa babu. Aka zo wurina na samo masa ita ta wata hanya, muka shiga don dawo da kwafin, wayam. Bashin kusan shekara biyu. Ranar ina rumfar Baba ya zo, bai ɗaga murya ba wallahi, da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ya zauna a kan buhu ya cire hula ya ɗora a gwiwa yace wa Baba, Alhaji yaronka yace mu yar da littafi, mun yar. Baba bai kalle ni ba. Ya sa aka kawo shayi, suka zauna su biyu suna tuno mutane ɗaya bayan ɗaya, wa ya ɗauka kafin azumi, wa ya kawo rabi bayan sallah, ana kiran waya. Masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya, har da wanda ya faɗi abin da Alhajin ma ya manta. Wasu kuwa da suka ji littafi ya ɓata sai suka ce ai sun biya tuntuni. Ban san nawa ya tafi ba har yau, ya ƙi faɗa min, kuma har yau in na hango shi sai na ji kamar in canza layi.

Kwana uku Baba bai ce min uffan ba. A na huɗu bayan isha'i ya kira ni yace mutum nawa ne abin nan yake hannunsu? Nace dubbai ne Baba. Yace su wane ne? Na yi shiru. Wallahi sai a lokacin abin ya dake ni, shekara uku ina cewa masu amfani da manhajata, masu amfani da manhajata, amma ban da lambar ko mutum ɗaya in ba wanda na sani a ido ba. Abin da nake gani alƙaluma ne da taurari da sharhi, su ma sun tafi da akawun ɗin. Kwastomomin na mai kasuwa ne, ni kaya kawai nake kawowa. Baba yace to ka fara da waɗanda ƙafarka za ta kai, tun kafin wani ma ya yar da tasa wayar.

Bikin dai sai da aka ɗaga shi wata shida. Allah ya saka wa surukaina, ba su ce komai ba.

A watannin da nake sake gina manhajar ne na fara karance-karance, sai na ga ashe ba ni kaɗai bane, kuma har waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba kuka suke. Apple yana karɓar dala 99 duk shekara kafin ka ɗora komai, Google dala 25 sau ɗaya, kuma dukansu sun daɗe suna cire kashi 30 cikin ɗari na abin da aka saya a cikin manhaja, sai a 2021 suka mayar da shi 15 ga ƙananan da ba su wuce dala miliyan ɗaya a shekara ba. Da na gaya wa Baba kashi talatin sai da ya ajiye cokali, yace wane irin dillali ne wannan, shi ya noma? A watan Agustan 2020 kamfanin Epic masu wasan Fortnite suka sa tasu hanyar biyan kuɗi a cikin wasan don su kauce wa la'adar, a rana ɗaya Apple da Google suka cire shi daga kasuwanninsu, aka tafi kotu, sai Disambar 2023 masu taya alƙali hukunci a San Francisco suka ba Epic gaskiya a kan Google. Ka ga su suna da kuɗin lauya na shekaru. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Christian Selig, ɗan Kanada, mutum ɗaya kamar ni, ya yi shekaru yana gina Apollo, manhajar karanta dandalin hira na Reddit da mutane ke so sosai, rana ɗaya Reddit suka sa kuɗi a kan ƙofar da yake ɗebo bayanai, ya lissafa yace zai kai wajen dala miliyan 20 a shekara, ranar 30 ga Yunin 2023 ya rufe. A farkon shekarar ma haka Twitter ta datse su Tweetbot, manhajojin karanta ta da wasu suka haɗa, ba sanarwa. Tarayyar Turai har doka ta yi a kan abin, ta ware kamfanoni shida a 2023 ta kira su masu tsaron ƙofa, Alphabet da Amazon da Apple da ByteDance da Meta da Microsoft, kuma a Afrilun 2025 ta ci tarar Apple yuro miliyan 500. Na ji daɗin sunan nan masu tsaron ƙofa, ya zauna daram. Amma dokar Turai ce, iyakarta Turai, ba ta san hanyar Dawanau ba.

Sabuwar da na gina na yi mata sharaɗi uku a raina. Hatimi a hannuna. Bayanan mutum a wayarsa, cikin SQLite, wata 'yar ma'ajiyar bayanai ce kyauta da ba ta buƙatar saba, duk daren Juma'a kuma manhajar ta tuna masa ya fitar da kwafi ya tura wa ɗansa ko matarsa ta WhatsApp ko ya sa a memori. Sannan ba talla. Na yi ɗan shafi nawa a wurin masu karɓar naira na ajiye fayil ɗin APK, wato ita manhajar da ake sawa a waya, a can, duk da gaskiya yawanci ba ta nan take yawo ba, ta Xender take yawo, daga waya zuwa waya kamar yadda ake tura waƙa da fim.

Wahalar tana wurin hatimin nan da na bayar. Sabuwar ba za ta hau kan tsohuwar ba, dole sai an goge tsohuwar, in an goge kuma bashin ya tafi. Abin da ya cece ni shi ne maɓallin Baba, wanda na yi ina ƙunƙuni. Sai in zauna da mutum in danna shi a fitar da fayil, in rubuta jimillar bashin a takarda yana kallo, in goge tsohuwa in sa sabuwa in shigo da fayil ɗin, mu duba jimilla in ta yi daidai da ta takarda sannan in miƙa masa wayarsa. In ba matsala minti goma. Amma ina, wannan wayarsa ta cika sai an goge bidiyon biki kuma kowanne yace a'a banda wannan, wancan ya manta lambar buɗe wayar sai an nemo yaronsa ya tafi kai kaya tasha. Ga kuma gargaɗin da waya ke fitarwa in za ka sa abin da ba daga kasuwa ya fito ba, da jan rubutu wai zai iya cutar da na'urarka. Wani dattijo ya sa aka fassara masa, ya janye wayarsa yace ɗan nan ita da kanta tace kai ɓarawo ne. Sai da Baba ya taso ya tsaya min. Haka na yi ta yi, Asabar da Lahadi da duk ranar da na samu, da jaka da kebul da fawa bank, rana ta gasa ni har na koma kamar ba ni ba. Duk wanda na gama da shi in roƙe shi lambarsa in rubuta a littafi. Eh, littafi, mai baƙin bango, a Kurmi na saya.

Farkon 2023 da aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira, ciniki ya koma bashi da transfa mai maƙalewa, kowa yana neman inda zai rubuta wa ya tura bai shigo ba, nan ne mutane suka riƙa nemana da kansu. Na sa kuɗi kaɗan a shekara, ka tura ta banki in turo maka lambar buɗewa ta tes. Yaran da ke cajin waya a kasuwa da wasu masu tura fina-finai a kasuwar waya ta Farm Centre su suka zama wakilaina, duk wanda suka sa wa suna da kasonsu. Wani abokina yace to ai ka koma biyan la'adar da kake zagi. Nace ƙwarai, amma wannan dillalin na san rumfarsa, ranar da muka saɓa zama za mu yi, kuma ba zai iya shafe ni daga duniya da asuba ba. Mutanen Nijar kuwa yawancinsu sun ɓace min, sai 'yan kaɗan da direbobin manyan motoci suka kai musu a waya. Mai maganar dala har yau ban same shi ba, ko sunansa na gaskiya ban sani ba.

Kar kuma in yi muku ƙarya in ce komai ya yi daɗi. Mutanen da nake da su yanzu ba su kai rabin na da ba, kuma in na gyara wani kuskure sai in yi wata uku ina bin mutane su sabunta, abin da a da cikin dare ɗaya yake isa ko'ina. Sannan na gane ƙofar nan da nake jin haushi ba a banza aka sa mata mai gadi ba. Na saki kodin ɗin manhajar a fili don na ga yadda 'yan F-Droid suke yi, wata kasuwa ce ta 'yan sa-kai tun 2010 da ba ta karɓar komai sai manhajar da kowa zai iya duba cikinta, abin ya burge ni. Ba a yi wata huɗu ba wani ya ɗauka ya cusa mata talla da neman izinin karanta lambobin mutane, ya bar sunan da tambarin, ta shiga yawo a Xender. Mu da muka ga abin da manhajojin ba da rance na bogi suka yi wa mutane, a tura wa surukarka saƙo a ce kai ɓarawo ne a kan naira dubu goma, mun san wannan ba wasa bane. Sai da na bi wakilaina ɗaya bayan ɗaya na nuna musu yadda za su bambance. Don haka ni ban ce a cire mai gadi ba. Cewa na yi in zai kore ka ya gaya maka laifinka, kuma a samu ɗan adam mai jini a jika da zai saurare ka.

Kuma 'yancin ma da sauransa, don wayar da nake bi ina sa wa manhaja ba ni na ƙera tsarinta ba. A Agustan 2025 Google ya sanar cewa nan gaba ko manhajar da ba ta kasuwarsu ta bi ba sai wanda ya haɗa ta ya yi rajista da su ya nuna shaidar ko shi wane ne kafin ta hau wayoyin Android da suka amince da su, za a fara a Satumbar 2026 a Burazil da Indonesiya da Singafo da Tailan, sauran duniya daga baya. 'Yan F-Droid sun fito sun yi ta ƙorafi, daga baya kamfanin yace zai bar wata hanya ga waɗanda suka san abin da suke yi. To Alhazan layin 'yan wake da jan rubutu ɗaya ya sa suka janye waya, ban san ko suna cikin waɗanda suka san abin da suke yi ba. Na dai fara gina wata da za ta buɗe a burauza kai tsaye, ina yi a hankali in yara sun yi barci.

Hatimin yanzu kwafi uku ne. Ɗaya a laftof, ɗaya a wurin matata, ɗaya a filashi cikin akwatin ƙarfen Baba tare da takardun gida. Da na kai masa ya tambaye ni mene ne a ciki, nace makullin shago ne, ya ɗaga 'yar abar ya duba ta a hasken fitila ya nannaɗe ta a leda ya sa a ƙasan takardun. Shi dai har gobe yana amfani da manhajar kuma yana rubutawa a littafinsa, duka biyun, in sun saɓa kuma littafi yake bi.

Ƙanin nan nawa da ya turo min hoto na kira shi jiya, muryarsa duk ta dishe, yana ta karanto min Turancin da ya tsara zai tura musu. Nace ya tura, ba laifi, wasu ana dacewa a buɗe musu. Na tambaye shi kuɗin saba na wannan watan ya biya? Yace a'a. Nace ya fara da wannan yau ɗin nan kafin ya kwanta, in katinsa ya ƙi ya zo ya karɓi nawa. Ranar Asabar kuma ya same ni a bakin kasuwa ƙarfe tara, akwai mutum huɗu da suka canza waya, shi zai riƙe min jaka.